Yadda Ake Ɓamɓare Tsohon Tayil a Bangon Banɗaki, a Gyara Allon Jifsum Don Manna Sabo

Ɓamɓare tayil kansa ba wani aiki ba ne, ko yaro ka miƙa wa guduma zai farfasa. Inda aikin yake shi ne abin da za ka tarar a bayan tayil ɗin, da halin da za ka bar shi. Idan bangon na bulo ne da filastar siminti, irin na yawancin gidajenmu, yana jure duka. Amma a otal-otal, ofisoshi da sababbin gidajen da ake raba ɗaki a fitar da banɗaki, sau da yawa bangon allon jifsum ne da aka ɗaure da sukuru a jikin sandunan ƙarfe ko katako. Wannan allo garin jifsum ne, dangin wanda ake yin silin na POP da shi, aka danne shi tsakanin takarda biyu masu kauri. Ƙarfinsa yana ga takardar nan. Ita gam ɗin tayil ke kamawa, kuma ita ce ke yagewa idan aka zo ɓamɓara. Allon da takardarsa ta tafi, alli ne kawai.

Kayan aiki

Za ka buƙaci guduma madaidaiciya, da cizal mai faɗin baki, da makankari na ƙarfe mai ƙarfi irin na masu fenti, faɗin santimita 7 zuwa 10. A kan allon jifsum makankarin ya fi cizal amfani, domin sirantarsa ke ba shi damar shiga bayan tayil ba tare da ya huda allon ba. Sai wuƙa mai reza da rezoji na canji, da abin ƙwaƙule cikon da ke tsakanin tayil. Idan babu shi, guntun zarton yanka ƙarfe da aka naɗe gindinsa da tsumma yana yi. Sai tef ɗin awo, fensir, ma'auni mai ƙwayar ruwa, da miƙaƙƙen ƙarfen alminiyam mai tsawon mita 2 wanda magina ke kira renji. Ka tanadi sukundireba ko injin ɗaura sukuru, samfefa mai ɗan kaushi, buroshi, rola, soso, bokiti, da buhunan zuba ɓaraguzai.

Kayan kariya ba na ado ba ne: tabarau mai rufe gefen ido, safar hannu mai kauri, takunkumin ƙura, da takalmi rufaffe. Bakin fasasshen tayil ya fi kwalba kaifi, kuma masu shiga da silifas suna iya yankewa a ƙafa.

Kayan gyara kuwa, kada ka saya sai ka ga bangon tsirara. Abin da mai yiwuwa za ka nema: allon jifsum mai jure danshi, wanda takardarsa kore ce, kaurin milimita 12.5, ko allon siminti, sukurun allon jifsum, tef mai raga, ruwan shimfiɗa, wato wanda ake fara shafa wa bango kafin a sa gam, na akirilik ko na SBR (wani sinadarin roba mai ruwa), maganin hana ruwa na shafawa da tef ɗinsa na kusurwa, gam ɗin tayil na gari, da silikon.

1. Gano irin bangon

Ƙwanƙwasa bangon sama da inda tayil ya tsaya, ko ta bayansa daga ɗakin da ke maƙwabtaka. Bulo yana ba da amo a dunƙule ko'ina. Allon da ke kan sanduna yana ƙara kamar ganga, sai ka zo daidai sanda amon ya mutu, yawanci duk bayan santimita 40 ko 60. Akwai nau'i na uku, allon da aka manna kai tsaye a jikin bulo da dunƙulen gam: shi ma yana ƙara, amma wuraren da amon ke mutuwa a warwatse suke, ba a jere ba. Idan kana shakka, kashe wuta ka kwance murfin soket, gefen ramin zai nuna maka abin da ke ciki.

2. Kashe ruwa da wuta, ka kwashe ɗakin

Rufe ruwan daga bawul ɗin da ke shigowa banɗakin, ko daga gindin tankin sama, sannan ka buɗe famfo ya tsiyaye. Kashe wutar ɗakin daga akwatin fiyus, ba daga makunnin bango kawai ba, musamman idan akwai hita. Rashin wuta a unguwa ba kariya ba ne, ana iya kawo ta kana tsakiyar aiki, ko wani ya tada janareta.

Cire madubi, kan shawa, murafen famfo, abin rataye tawul da duk abin da aka ɗaure ta kan tayil. Bakin bututun da ya rage a buɗe a toshe shi. Abin da ba zai ciru ba, kamar tukunyar masai ko kwamin wanka, a lulluɓe shi da tsohon bargo, a ɗora kwali ko filawud a kai. Tayil guda ɗaya ya faɗo ta baki ya isa ya tsaga tukunyar masai. Shimfiɗa kwali a ƙasa idan ba za ka canza tayil ɗin ƙasa ba, kuma ka cusa tsumma a magudanar ruwa. Gutsattsarin siminti da ya shiga magudana ba ya fita da daɗi.

Kafin ka fara duka, ka yi wa hanyoyin bututu da waya alama da fensir. A ƙa'ida suna tafiya a miƙe, sama ko ƙasa ko gefe, daga famfo, soket da makunni. A ƙa'ida na ce; ba kowane mai aiki ke bin ta ba, don haka kusa da kowane famfo ka rage ƙarfin hannu.

3. Yanke silikon, ka ƙwaƙule ciko

Bi da wuƙa duk inda aka sa silikon: kusurwoyi, bakin kwami, gefen ƙofa. Sannan ka ƙwaƙule cikon da ke kewaye da tayil ɗin da za ka fara da shi, da kuma layin da ya raba wanda za a cire da wanda za a bari. Ciko yana ɗaure tayil da ɗan uwansa, idan ba ka raba su ba, ka ɗaga ɗaya sai na gefensa ya tsage. Idan duk bangon za a sauke, ba sai ka ƙwaƙule ko'ina ba, amma layin da ya haɗu da silin da tayil ɗin ƙasa dole ne.

Idan silin ɗin tsohon allon asbesto ne, irin wanda aka yi ta sawa a gidajen da, kada giranda ko samfefa su taɓa shi. Ƙurarsa tana lalata huhu.

4. Cire na farko

Na farkon shi ne mai wuya. Fara daga gefen da bakin tayil yake a fili, kamar layin sama ko gefen ƙofa. Idan tayil ya rufe bangon duka, ƙwanƙwasa su da gindin sukundireba ka nemi mai ƙarar rami, wannan ya riga ya saki. Idan babu, zaɓi ɗaya a tsakiya, manna masa tef a gicciye don kada ya yi tsartuwa, ka fasa tsakiyarsa da ɗan duka, ka tsince gutsattsarin daga tsakiya zuwa gefe.

5. Sauke sauran

A nan ake ɓata bango ko a tsirar da shi. Kwantar da makankarin kusan manne da bangon, bakinsa a tsakanin bayan tayil da gam, ka riƙa buga gindinsa a hankali. So ake ƙarfen ya yi tafiya a jikin bango, ba ya nufi cikinsa ba. Idan ya shiga kamar santimita 3, zare shi ka sake shigar da shi ta wani gefen, har tayil ɗin ya saki. Kada ka danna hannun makankarin a jikin allon don ka ɗaga tayil, nan take zai lotsa shi. Idan sai an ɗaga, sa guntun filawud tsakanin ƙarfen da allon, kuma ka yi daidai kan sanda.

Yi aiki daga sama zuwa ƙasa, hannu ɗaya na tallafe da tayil. Ka riƙa kwashe ɓaraguzai kana tafiya, kuma kada ka cika buhu, rabi ma nauyi ne.

Bayan ka cire kamar guda goma, tsaya ka duba. Idan tayil na fitowa ya bar gam a bango da takarda lafiya, ci gaba. Idan kowanne na tahowa da takarda da ɓallin jifsum a bayansa, kada ka ɓata yininka, allon nan ba zai gyaru ba. Sauke shi da tayil ɗinsa gaba ɗaya ya fi sauri kuma ya fi tsabta. Yanka allon a layin da ke sama da tayil, zurfin wuƙa ko zarto kada ya wuce kaurin allon saboda waya da bututu. Buɗe rami tsakanin sanduna biyu, ka kama da hannu biyu ka girgiza, zai ɓalle daga kan sukuru a manyan falle. Falle mai tayil yana da nauyi, a samu mutum na biyu.

A bangon bulo kuwa, inda aka manna tayil da kwaɓin siminti, cizal da guduma ne, ko injin fasa gini mai faffaɗan baki. Yawanci filastar ma za ta biyo baya a wurare da yawa.

6. Kankare tsohon gam

Gam iri biyu ne. Na bokiti, wanda ake sayarwa a kwaɓe, yana laushi idan ya jiƙa. Shafa masa soso mai ruwan ɗumi, ka jira minti goma zuwa sha biyar, ka kankare. Soson ya zama matsattse, domin ruwan da ya wuce gam ya shiga takarda ɓarna ne. Na gari mai siminti ba ya jin ruwa, sai kankara a bushe da makankari a kwance, sannan a bi tudun da ya rage da samfefa ko dutsen guga. Ba lallai ne allon ya koma fes kamar sabo ba. Siririn gam da ya kama ƙam, ba ya da tudu, ana iya barinsa. Abin da ba a bari shi ne mai motsi, mai tudu, da duk wani burbushin silikon, sabulu ko maiƙo.

Kada ka sa giranda a kan allon jifsum. Kafin ka ankara ta cinye takardar.

7. Yanke hukunci a kan allon

Haska tocila a gefen bango don kowane rami da tudu ya fito. Danna allon da babban yatsa, musamman santimita 30 na ƙasa, kewayen famfo, da kusurwar shawa. Wurin da ya lotsa, ko yake marmashi, ko ya kumbura, ko ya yi baƙin fumfuna har ta baya, ya mutu. Jifsum da ya sha ruwa har ya yi laushi ba ya komawa ƙarfinsa ko ya bushe. Tura bangon da tafin hannu tsakanin sanduna. Idan yana lanƙwasa sosai, tayil zai tsage a layin ciko komai kyan gam.

Idan ɓarnar 'yan wurare ce kamar tafin hannu, kuma ba a wajen shawa ba, a gyara. Idan ta kai kamar kashi ɗaya cikin huɗu na bangon, ko tana inda ruwa ke duka kullum, a canza. Allo guda mai faɗin mita 1.2 da tsawon mita 2.4 kuɗinsa bai kai na tayil ɗin da za a ɗora masa ba, balle idan aka haɗa da ladan mai mannawa. Da yawa suna yin tsimi a nan, su sake aikin duka bayan damina biyu.

Kuma ka nemo inda ruwan ya fito. Idan bututu ne ke ɗiga a cikin bango, a kira mai gyaran famfo yanzu da bangon ke buɗe, a kunna ruwa a bar shi kwana ɗaya a gani kafin a rufe.

8. Gyaran ƙananan wurare

Inda farar fuskar takarda ta yage, launin ƙasa-ƙasa na ciki ya bayyana, zagaye wurin da wuƙa ka yanke duk gefen da ya ɗago, ka bi da samfefa sama-sama. Sannan ka rufe shi da ruwan shimfiɗa ka bar shi ya bushe sarai kafin ka ɗora komai. Idan ka shafa kwaɓin cike rami mai ruwa kai tsaye a kan wannan takarda, za ta sha ruwa ta yi bororo. Duk inda ya yi bororo bayan shafawa, yanke shi ka maimaita.

Ramukan da ba su huda allon ba, a cike su da gam ɗin tayil na gari bayan shimfiɗa ta bushe, a share da renji ko cokalin gini. Kada a cike da garin POP ko kwaɓin da masu fenti ke lailaye bango da shi, ba su da ƙarfin riƙe tayil kuma suna jan danshi. Ramin da ya huda, a yanke shi murabba'i, a zura katako biyu ta baya a ɗaure da sukuru ta jikin lafiyayyen allo, a yanko faci daidai a ɗaure a kansu.

Fumfunar da ke sama-sama a kan allo mai ƙarfi, a goge da bilic da aka sirka, kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma, taga a buɗe. Kada a haɗa bilic da asid ɗin wanke tayil ko maganin wanke masai, hayaƙin da suke fitarwa guba ne.

9. Sa sabon allo

Yanke tsohon har tsakiyar sanda, domin gefen tsoho da na sabo su raba sandar. Cire tsofaffin sukuru, ka ɗora renji a kan sandunan ka ga ko suna layi ɗaya. Wadda ta shige ciki a ƙara mata siririn katako, katakon da ya ruɓe ko gara ta ci a canza. Duk gefen allo sai ya sami abin da zai zauna a kai, don haka inda haɗi ya faɗo a sarari a sa guntun sanda a gicciye. Idan tazarar sanduna santimita 60 ce kuma tayil mai nauyi za ka sa, ƙara sanduna ta koma 40 ko ƙasa da haka. Yanzu ne kuma lokacin sa filawud mai kaurin milimita 18 a bayan inda za a rataye abin wanke hannu ko hita. Ɗauki hoton bangon kafin ka rufe, wata rana za ka nemi sanin inda bututu ya bi.

Ɗaga allon daga ƙasa kamar milimita 5 zuwa 10 don kada ya tsotsi ruwa, daga baya a cike da silikon. Sukuru mai tsawon milimita 25 ya isa a sandar ƙarfe, a katako kuwa 32 zuwa 38. A jera su duk bayan santimita 30, nesa da gefen allo da aƙalla milimita 13. Kan sukurun ya nutse kaɗan ba tare da ya fasa takarda ba; wanda ya fasa ba ya riƙe komai, a ƙara wani kusa da shi. Haɗin allo da allo a manna tef mai raga a shafe da gam ɗin tayil.

Koren allo yana jure danshi ne, ba ya hana ruwa. A wajen shawa allon siminti ya fi, kuma da nasa sukurun da ba ya tsatsa. Idan koren kaɗai ka samu, mataki na 11 ya zama wajibi. Farin allo na ɗaki bai dace da wajen shawa ba sam.

Kada a yi wa sabon allo shafen filastar jifsum da sunan gyara. Allon da ba a shafe ba yana ɗaukar kilo 32 a kowace murabba'in mita, har da gam da ciko, amma da an shafe shi ya koma kilo 20. Tayil ɗin fosilin mai kaurin milimita 10 shi kaɗai ya haura kilo 20. Duba nauyin da ke jikin kwali, ka raba da yawan murabba'in mitar da ke ciki, ka ƙara kilo 3 zuwa 4 na gam.

Mai bangon bulo, nasa gyaran shi ne ya sassare duk filastar da ke ƙarar rami, ya wanke ƙura, ya jiƙa bulon, ya sake filasta da siminti kashi 1 yashi kashi 4. A bar fuskarta da ɗan kaushi, a riƙa yayyafa mata ruwa kwanakin farko, musamman da hunturu da iska ke busar da ita kafin ta yi ƙarfi, sannan a ba ta aƙalla mako biyu kafin tayil.

10. Duba daidaito, ka shafa shimfiɗa

Ɗora renji a tsaye, a kwance da a karkace. Giɓin da ke ƙarƙashinsa kada ya wuce milimita 3 a tsawon mita 2. Da tayil ya ƙara girma, da wannan ya ƙara muhimmanci, domin babban tayil ba ya bin lanƙwasar bango, bakinsa ne zai fito. Kwari a cike da gam a bar shi ya bushe, tudu a goge. Kada ka ce za ka gyara da kaurin gam lokacin mannawa.

Share ƙura, ka goge da matsattsen soso. Idan ka shafa tafin hannu ya fito fari, ba a gama ba. Sannan ka shafa ruwan shimfiɗa da rola, a sirke yadda aka rubuta a jikin galan, domin kowane kamfani da nasa awon. Amfaninsa biyu: yana hana bango tsotse ruwan gam kafin ya kama, kuma yana raba siminti da jifsum. Idan su biyun suka haɗu a cikin danshi, wani gishiri ne ke tsirowa a tsakaninsu ya tunkuɗe tayil. Farin gam na kafintoci, wanda wasu ke sirkawa da ruwa su shafa, bai dace ba: da danshi ya kai gare shi sai ya koma laushi, tayil ya rataya a kan fatar da ta saki. Idan ba ka sami na akirilik ba, nemi SBR wajen masu sayar da sinadaran gini.

11. Hana ruwa a wajen shawa

Tayil da ciko ba sa hana ruwa gaba ɗaya, ciko yana tsotsa. A banɗakunanmu da ake wanka da bokiti ana watsa ruwa ko'ina, wurin jiƙa ya fi faɗin abin da ake zato. Shafa maganin hana ruwa a kusurwoyi da inda bango ya haɗu da ƙasa, ka nutsa tef ɗin a ciki tun yana ɗanye, ba tare da ninki ko iska a ƙarƙashi ba. Kewayen kowane bututu ma haka. Sai ka shafe bangon shawa har sama da kan shawar, sauran bangon kuma aƙalla ƙasansa. Shafi biyu ake yi, na farko a kwance, na biyu a tsaye bayan na farko ya bushe. Da damina bushewar tana jinkiri, a sa fanka, kada a yi gaggawa.

12. Fitar da layin farawa

Ƙasan banɗaki a karkace take saboda gangaren magudana, don haka ba a fara tayil daga kanta. Nemo wuri mafi ƙasa, ka auna tsayin tayil ɗaya daga nan, ka rage kaɗan, ka ja layi da ma'auni mai ƙwayar ruwa ya zagaye ɗakin. Auna daga layin zuwa silin ka ga abin da zai rage a sama. Idan siririn yanki ne, sauke layin. Haka za ka yi a faɗi, ka fitar da tsakiyar bango don yankan gefe biyu su zo daidai. A ƙarƙashin layin ake kafa miƙaƙƙen katakon da jeri na farko zai zauna a kai. A wajen shawa kada ka huda shafin hana ruwa da sukuru, tokare katakon daga ƙasa da guntayen katako. Wajen sayen tayil ka ƙara kashi 10 cikin 100 a kan awonka saboda yanka da fashewa, ka duba lambar rukunin da ke jikin kwalaye ta zama ɗaya, kuma ka gaya wa mai mannawa tun kafin ya kwaɓa cewa da cokali mai haƙora zai shimfiɗa gam ya cika bayan tayil duka, ba dunƙule biyar ba.